Maigidana ya ajiye maganin kitsen jini, wai na hawan jini ya wadatar

Wata baiwar Allah daga Ɗorayi ce ta turo min wannan saƙon, tace a sakaya sunanta, ga abinda ta rubuto a taƙaice:

"Anti barka da warhaka. Maigidana shekarunsa 55, ɗan kasuwa ne a Singa. Kwanakin baya ya dinga fama da ciwon kai da jiri, mukaje asibiti aka auna shi aka samu jininsa 170/100, aka ɗebi jini akayi gwaji likita yace kitsen jininsa ma yayi yawa. Aka rubuta masa magani biyu, amlodipine da atorvastatin. Ya sha kamar wata biyu, da aka auna shi a kemis ɗin unguwa aka samu 130/80 sai yace ai shikenan. Ya ajiye atorvastatin ɗin gaba ɗaya, wai duk maganin jini ne aikinsu ɗaya, kuma shi siriri ne ina yaga kitse. Na hawan jinin ma sai ranar da kansa yayi ciwo yake sha, abokansa na majalisa sunce masa yana kashe ƙoda kuma yana rage wa namiji ƙarfi, ga ƙafarsa tana ɗan kumbura. Anti da gaske aikinsu ɗaya? In kuɗi bai isa ba wanne za'a bari? Kuma ta yaya zan masa magana bai ji haushi ba?"

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri akan wannan kulawar, dan ba kowace mace bace zata tsaya ta karanta sunan maganin dake jikin kwali balle ta lura an daina shan ɗaya.

Amsar tambayarki ta farko, a'a, ba aikinsu ɗaya ba, ko kusa. Cuta biyu ce daban, magani biyu daban, abinda ya haɗa su kawai shine dukkansu hanya ɗaya suke ɓatawa wato jijiyoyin jini, kuma ƙarshensu wuri ɗaya suke kai mutum, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, Allah ya kiyaye. Ki ɗauki bututun famfon gidanku, matsala ɗaya ita ce ruwa ya dinga zuwa da ƙarfin da ya wuce kima har wataran bututun ya fashe, matsala ta biyu kuma datti ya dinga taruwa a ciki yana cushe hanya har ruwa ya kasa wucewa. In kin rage ƙarfin ruwan dattin yana nan, in kin wanke dattin ƙarfin ruwan yana nan. Amlodipine ƙarfin yake ragewa, atorvastatin kuma taruwar dattin yake hanawa, to kinga babu wanda zai ɗauke wa ɗan uwansa aiki.

Bari in fara da na hawan jinin dan shine yafi tayar min da hankali a cikin saƙonki. Lambobin nan biyu da ake faɗa, ta sama ƙarfin da jini yake dukan jijiya ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. In an auna mutum a ranaku daban daban ana samun 140/90 ko sama da haka, to yana da hawan jini. Maigidanki 170/100 aka samu, wannan ba ƙarami bane. Amlodipine yana sa jijiyoyin su saki su buɗe, jini ya samu wurin wucewa ba tare da zuciya tayi ta fama ba. To 130/80 ɗin da ya gani a kemis ba warkewa yayi ba, aikin maganin ya gani, kuma wannan shine inda mutanenmu da yawa suke yin kuskure, mutum yaga awo yayi kyau sai yace ya warke ya jefa kwalin a durowa, bayan 'yan kwanaki ko makonni jinin ya koma inda yake shi bai sani ba. Yawancin hawan jini ba'a warkewa daga shi, lallaɓa shi ake yi kullum.

Maganar sai kai yayi ciwo ake sha kuwa, wallahi tana da haɗari sosai. Ciwon kai ba ma'auni bane. Mutum zai iya yawo da 180 a jikinsa yana ciniki yana dariya babu abinda yake ji, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tace kusan rabin masu hawan jini a duniya basu san suna dashi ba, saboda baya nuna alama sai yayi ɓarna. Kuma amlodipine ba irin farasitamol bane da zaka sha yanzu kaji sauƙi anjima, a hankali yake taruwa a jiki, sai anyi kamar mako ana sha kullum yake zama daram. Wanda yake sha yau ya bari kwana huɗu, ya kashe kuɗinsa ne kawai bai samu kariyar ba.

Maganin hawan jini kala kala ne, yana da kyau ki san su ko dan in an canza masa kar ki rikice. Akwai dangin amlodipine da nifedipine masu buɗe jijiya. Akwai masu sa fitsari su fitar da gishiri da ruwa kamar hydrochlorothiazide, wanda yake cikin Moduretic da iyayenmu suka sani. Akwai lisinopril da losartan masu tare wani sinadari dake matse jijiya, lisinopril yana sa wasu busasshen tari mai naci, in haka ta faru likita yakan mayar da mutum kan losartan. Akwai atenolol da propranolol masu rage gudun zuciya, waɗannan ba'a yanke su lokaci ɗaya kuma mai asma sai yayi hattara dasu. Sai methyldopa wanda aka fi sani da Aldomet, shi ake yawan ba masu ciki. Kuma zaɓin da likitansa yayi masa zaɓi ne mai kyau ga irin jikinmu, a 2019 an fitar da wani bincike mai suna CREOLE da akayi akan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida harda Najeriya, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ne ya jagoranta, aka gano haɗin magani biyu da yake da amlodipine a ciki yafi sauke jinin baƙar fata akan haɗin da babu shi.

Kumburin ƙafar da kikace, sananne ne ga amlodipine musamman in miligiram 10 ake sha, yafi fitowa da yamma a idon sawu ga wanda ya wuni a tsaye ko a zaune a shago. Yawanci ba ƙoda bace, buɗewar ƙananan jijiyoyi ce take sa ruwa ya ɗan taru a ƙasa. Ba dalilin ajiye magani bane, dalilin komawa wurin likita ne, zai iya rage ƙarfin ya haɗa masa da wani kamar losartan kumburin ya ragu. Amma in kumburin ya haɗu da haki, ko baya iya kwanciya a miƙe sai ya tara filo, ko fuska tana kumbura da safe, to kar a jira ranar kilinik, a tafi a duba shi.

Sai maganar 'yan majalisa, wai yana kashe ƙoda. Abin yana min ciwo dan maganar a juye take. Hawan jinin da ba'a kula dashi ba shine yake cin ƙoda a hankali, shi da ciwon suga suna sahun gaba a cikin abinda yake kai mutane wankin ƙoda, duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano ya san abinda gida yake shiga na kuɗi da tashin hankali. Abinda yake faruwa shine mutum ya shekara goma da hawan jini bai sani ba, ƙoda ta riga ta taɓu, a fara bashi magani a makare, in ƙodar ta gaza sai ace maganin ne. Magungunan da ya kamata aji tsoro sune na ciwon jiki da ake sha kullum kamar gyaɗa, diclofenac da ibuprofen da piroxicam, da haɗe haɗen nan da ake ƙullawa a leda wai na gajiya, su suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda. Ki duba aljihunsa da durowar shago, 'yan kasuwa da yawa basa rabuwa dasu.

Ɗaya maganar kuma ta ƙarfin namiji, duk da akwai kunya gara a faɗa, dan ita ce take sa maza da yawa ajiye magani a ɓoye basu faɗa wa kowa ba. Gaskiya ne wasu daga ciki kamar atenolol da masu sa fitsari sukan kawo wa wasu maza rauni, amma amlodipine ba'a cika samun haka dashi ba. Kuma shi kansa hawan jinin da kitsen jinin suna daga cikin manyan masu kawo wannan raunin, tunda al'amarin duk na gudun jini ne a ƙananan jijiyoyi. In yaga canji ya faɗa wa likita shi kaɗai a ɗaki, akwai abin canzawa. Abinda bazan so ba shine ya ajiye na asibiti ya koma shan na kwalba da ake talla a mota, wanda babu mai sanin abinda aka zuba a ciki.

To yanzu kitsen jini, wanda likitoci suke kira kolestarol. Inda maigida ya ruɗe shine yana kallon jikinsa yaga babu tumbi. Wannan ba kitsen da ake gani a ciki ko a wuya bane, maiƙo ne dake yawo a cikin jini, kuma mafi yawansa hantar mutum ce take haɗa shi da kanta, abinci kaso ne kawai yake kawowa. Shiyasa zaki ga siriri kamar sanda nasa yayi sama, wani mai jiki kuma nasa daidai, akwai gado a ciki sosai. A takardar gwajinsa zaki ga an rubuta LDL da HDL, wato kala biyu na maiƙon, LDL ɗin shine mai matsalar, shi yake shiga bangon jijiya yana taruwa shekara da shekaru, hanya tana ƙuntata, wataran wurin ya fashe jini ya daskare akai ya toshe. In a zuciya ne ciwon zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki. Kuma hawan jini yana ƙara masa sauri dan yana raunata bangon jijiyar maiƙon ya samu wurin maƙalewa, shiyasa wanda ya haɗa biyun haɗarinsa yafi na mai ɗaya nesa ba kusa ba.

Atorvastatin da 'yan uwansa simvastatin da rosuvastatin, duk wanda kikaga sunansa ya ƙare da statin, a hanta suke aiki, suna rage mata haɗa maiƙon sai ta koma tana janye wanda yake cikin jini. Ba aikinsu bane sauke hawan jini, basa rage ƙiba, kuma babu abinda mutum zai ji a jikinsa da zai nuna masa suna aiki. Na'urar da mai kemis ya ɗaura masa a hannu bata ganin kolestarol ko kaɗan, sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji, yawanci bayan kamar wata uku da fara sha ake maimaitawa a gani. Wato maigida ya ajiye magani ne bisa awon da bai shafi maganin ba. Kuma da an daina, cikin 'yan makonni maiƙon yake komawa inda yake.

Akwai binciken da ya dace da halin da yake ciki sak, sunansa ASCOT, an fitar dashi a 2003, anyi shi a Birtaniya da ƙasashen arewacin Turai. Mutum sama da 10,000 ne masu hawan jini, dukkansu suna shan maganin hawan jininsu, sai aka ƙara wa rabi atorvastatin miligiram 10 rabi kuma ba'a ƙara ba. Waɗanda aka ƙara wa sun samu raguwar ciwon zuciya da kashi 36 cikin 100, shanyewar ɓarin jiki kuma da kashi 27, har aka tsayar da wannan ɓangaren binciken kafin lokacinsa dan bambancin ya fito fili. Kuma su ɗin ma kolestarol ɗinsu bai yi wani hawa can ba, balle wanda likita ya duba takarda yace nasa yayi yawa.

Shima yana da nasa illolin, bazan ɓoye miki ba. Wasu suna jin ciwon tsoka a cinya ko kafaɗa, yawanci mai sauƙi ne kuma in an canza wani ko an rage yakan wuce. Wanda ba'a wasa dashi, kuma ba kasafai yake faruwa ba, shine ciwon tsoka mai tsanani da kasala da fitsari ya koma kalar baƙin shayi, wannan a tsayar da maganin a tafi asibiti a ranar. Yana iya ɗan ɗaga suga ga wanda dama yake bakin kamuwa, shiyasa ake dubawa lokaci lokaci. In zai sha wani maganin ƙwayoyin cuta kamar clarithromycin ko erythromycin a faɗa wa likita yana kan statin dan basa jituwa. In kuma wataran an canza masa zuwa simvastatin, shi da daddare ake sha kuma baya wuce miligiram 20 ga mai shan amlodipine, amma atorvastatin kowane lokaci yayi in dai lokaci ɗaya ne kullum, zai ma iya haɗa su biyun ya haɗiye tare. Ke kuma dan Allah kar wataran kiji kanki yana ciwo ki ɗauki nasa, mace mai ciki ko mai neman ciki ana hana ta statin, lisinopril da losartan kuwa suna cutar da jariri.

Tambayarki ta kuɗi, na san halin da ake ciki, magani yayi tsada kuma abu ne na kowane wata. Ba'a gida ake yanke wanda za'a bari ba. Amma tunda kin tambaya zan faɗa miki ra'ayina, in ta kama dole na 'yan kwanaki kafin kuɗi su shigo, na hawan jinin kar a kuskura a tsallake shi ko rana ɗaya, dan mai 170/100 haɗarinsa na kusa ne, na kitsen kuma a mayar dashi da zarar an samu, kar kwanakin su zama watanni. Sannan duka biyun tsofaffin magunguna ne da kamfanoni da yawa suke yi, ba dole sai Norvasc da Lipitor masu tsada ba (sunayen kamfani ne na amlodipine da atorvastatin), ku faɗa wa mai famasi kuna son mai sauƙin kuɗi mai suna ɗaya da miligiram ɗaya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kar a saya wurin masu tallan da rana take dukansa. Ku kuma bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kano, KSCHMA, kuji yadda ake shiga.

Akwai ɓangaren da yake hannunki ke kaɗai, wato tukunyar girki. Abinda yake ɗaga jini daban, abinda yake ƙara maiƙo daban. Gishiri da dunƙulen magi da kanwa sune na hawan jini, gishirin da ake so babba ya ci a wuni bai kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, giram 5, kuma harda wanda yake cikin magi da burodi da yaji da taliyar leda. Ki dinga ragewa kaɗan kaɗan harshe zai saba, ki ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta miya tayi daɗinta. Na maiƙo kuma man shanu ne da kitsen nama da kayan ciki da yawan manja da man da aka soya aka sake soyawa, da balangun da ake tsayawa saye a hanyar dawowa daga kasuwa. Wake da ganye da kifi da gero da dawa su yawaita. Zogale da zoɓo marar sukari da yawa abinci ne mai kyau ya sha abinsa, amma basa maye gurbin ƙwayar, kar wani ya ruɗe ku. In yana shan taba kuwa barinta yana cikin manyan magungunan. In azumi yazo ba'a ajiyewa, tunda sau ɗaya ake sha a rana sai a mayar sahur ko bayan shan ruwa yadda likita ya tsara.

Yadda zaki masa magana kuma, kin fi ni sanin mijinki, amma kar ki fara da ka daina shan magani, zai ji kamar tuhuma ce. Ba'a gaban yara ba, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba. Ki nuna masa tsoronki ne, kice Alhaji hankalina bai kwanta ba, ni da yaran nan bamu da kowa sai Allah sai kai, dan Allah mu koma wurin likitan nan ko dan kumburin ƙafar nan. Kumburin shine ƙofarki, tunda shi da kansa yana damunsa, in kunje sai a faɗi gaskiya cewa an ajiye ɗaya, ɗayan kuma ba kullum ake sha ba, dan in likita bai sani ba zai ɗauka maganin ne bai yi aiki ba ya ƙara masa wani. Ku tafi da kwalayen da takardar gwajin. In da hali ku sayi na'urar awo ta dantse ku ajiye a gida, ya zauna ya huta minti 5 kafin a auna, a rubuta a littafi da kwanan wata, namiji in yaga lamba da idonsa tana hawa a makon da bai sha ba yafi yarda akan maganar baki. Ki ajiye maganin kusa da abin karin kumallonsa ki miƙa masa da ruwa ba tare da dogon bayani ba. In ya ƙi, ki samu yayansa ko wani amininsa da yake jin nauyi, ko limamin masallacinsu, ai Manzon Allah (SAW) da kansa yayi umarni da neman magani. Kafin ranar komawa asibitin, wanda nake so ya kasance cikin makon nan, ya koma shan duka biyun kullum yadda aka rubuta masa.

Sannan ki riƙe waɗannan alamun ki kuma sanar da manyan yaranki. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe kamar an ɗora dutse da gumi, ko awo ya kai 180/120 da ciwon kai mai tsanani, kar a tsaya jiran gari ya waye ko a fara ɗura masa ruwa da magani a baki, a nemi mota ko adaidaita a nufi ɓangaren gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko duk babban asibitin da yafi kusa daku, addu'a ayi ta a hanya, kuma ki lura da ƙarfe nawa abin ya fara dan likitoci zasu tambaya. Ke ma ranar da kuka je ki miƙa hannu a auna ki. Allah ya ba Alhaji lafiya mai ɗorewa, ki sanar dani yadda kukayi da likitan.